Tambaya kan auna matsalar cin abinci tsakanin 'yan matan zango a Kumasi

Assalamu alaikum malamai. Ina tsara binciken digiri na biyu kan matsalar cin abinci (wato ciwon da ke rikita yadda mutum yake ci, kamar ƙin ci da gangan ko ci fiye da kima) tsakanin 'yan matan sakandare a Aboabo da Asawase, kuma aikin ya cije a wurin ma'auni.

EAT-26, takardar tambayoyi ta tantance wannan matsala, tambayoyi 26 ne, wadda ta samu maki 20 ko fiye sai a tura ta ga ƙwararre ya tattauna da ita. To amma cikin tambayoyin akwai ta ƙin cin abinci alhali ana jin yunwa, akwai ta kame kai a gaban abinci. Yarinyar da ke azumin Litinin da Alhamis, ko ramuwar Ramadan, za ta amsa da "sau da yawa", makinta ya hau, alhali lafiyarta ƙalau. Abin da ya fi damuna shi ne akasin haka: mai ciwon na gaske tana iya fakewa da azumin nafila, iyaye ma su yaba mata. SCOFF, wani ma'aunin mai tambayoyi 5, bai raba wannan gardama ba. Kuma duka biyun ba sa tambaya kan masu shan cyproheptadine (maganin da ke ƙara sha'awar abinci) don su yi ƙiba.

Idan na cire waɗancan tambayoyi biyu daga EAT-26, maki 20 ya tashi daga aiki. Shin in bar su, in ƙara shafi daban kan yawan azumi da dalilinsa? Ko kaucewa Ramadan da Shawwal ya wadatar?

Sannan wanda ya taɓa miƙa irin wannan ga kwamitin ɗa'ar bincike na KNUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi): 'yan ƙasa da shekara 18 suna buƙatar izinin iyaye, amma wace hanyar tura masu maki mai yawa asibiti aka amince da ita? Allah Ya saka da alheri.