Ɗana ya ƙi rabuwa da garin furotin, cikinsa kuma ya ƙi lafiya

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min.

Ɗana mai shekara 15 ya fara ɗaga ƙarfe wata huɗu da suka wuce, sai ya kama shan garin furotin ɗin da ake yi daga madara, awo biyu kullum. A jikin gwangwanin an rubuta kowane awo yana ɗauke da furotin giram 24. Nauyinsa kilo 56, kuma furotin ɗin da ake ƙiyasta masu shekarunsa na buƙata a rana kusan giram 0.85 ne kan kowane kilo, wato wajen giram 48 a rana. Garin kaɗai ya cika masa wannan, ban da abincin da yake ci.

Tun sati na uku cikinsa ke kumburi yana ƙugi, ga gudawa duk bayan ya sha. Mun rage zuwa awo ɗaya, mun koma damawa da ruwa maimakon madara. Kumburin ya ragu, gudawar tana nan. Na ɓoye gwangwanin, ya je ya sha na abokinsa. Na yi faɗa har na gaji, gani yake ba zai yi ƙwanji ba sai da shi.

Ta yaya zan gane ko sukarin madarar da ke cikin garin ne bai karɓe shi ba, ko yawan furotin ɗin ne ke jawo gudawar?