Shin gubar da ke ruwan gaɓar teku tana shiga naman oktofus da jatan lande?

Maman Zainab, Mabera:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke aikin kamun kifi a Nuwadibu, ƙasar Muritaniya, ya zo ganin gida da busasshen naman wata dabbar teku mai hannu takwas da ake kira oktofus. Maigida ya ce a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne, don haka ba nan damuwata take ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ji an ce dabbobin da ke zaune kusa da gaɓa suna tara gubar masana'antu da ta man fetur a jikinsu, ga shi ina da juna biyu, kuma jatan lande ba ya yankewa a miyata. Ina roƙon masana su haska mini.

Malam Bello, malamin kimiyyar haɗa sinadarai:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji yana da tushe. Akwai sinadaran da ba sa ruɓewa da wuri, irin su DDT da aka daɗe ana feshin sauro da shi, da PCB da aka riƙa zubawa a man tsofaffin taransifoma. Ruwan sama yana wanke su zuwa kogi, kogi ya kai su teku, su kwanta a cikin laka. Saboda su ne ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Stockholm a 2001 domin hana ko taƙaita amfani da su, ta fara aiki a 2004, kuma Nijeriya tana cikinta.

Waɗannan sinadarai ba sa narkewa a ruwa, a kitse suke maƙalewa, shi ya sa idan babba ya ci ƙarami sai gubar ta ƙaru a jikin babban. Oktofus yana farautar ƙaguwa da dodon koɗi a ƙasan teku, inda lakar take, to dole ya kwashi rabonsa. Sai dai abu biyu sun sassauta lamarin. Rayuwarsa gajera ce, da wuya ya wuce shekara 2, kuma naman hannayensa ba shi da kitse sosai. Inda gubar ta fi taruwa shi ne wata gaɓa a kayan cikinsa mai aiki kamar hanta, wadda har ƙarfen kadmiyam mai guba take tarawa. Idan an cire kayan cikin kafin a shanya, mafi yawan haɗarin ya tafi. Ki sani kuma dafuwa tana kashe ƙwayoyin cuta ne, amma ba ta rusa waɗannan sinadarai.

Alhaji Sani mai kifi:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai shekara da shekaru ina sarin kifi daga Yawuri, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali yana nan kusa da mu. Har yanzu akwai marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari na gamalin a ruwa domin kifi ya taso, akwai kuma masu fesa maganin ƙwari a kan banda don kada ta yi tsutsa a hanya. Hajiya, duk bandar da kika ga ƙuda yana gudunta, ko kika ji warin magani a jikinta, ki bar wa mai ita kayarsa.

Malam Bello:
Gaskiya ne, Alhaji, sinadarin da ke cikin gamalin, wato lindan, an shigar da shi jerin waccan yarjejeniya a 2009. Game da jatan lande kuwa, Hajiya, yana da kyau ki tambayi dillali daga wane ruwa ya fito, domin rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya nuna yadda malalar ɗanyen mai ta lalata fadamun da kifi ke ƙyanƙyasa a cikinsu. Hayaƙi ma yana barin wasu sinadarai masu alaƙa da sankara, musamman idan an yi banda da roba ko tsohuwar taya, ko kifin ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Kada wannan ya sa ki daina cin kifi, mai juna biyu tana buƙatarsa ƙwarai, amma ki riƙa sauya iri, kuma ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar awo.

Maman Zainab:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na tambayi ƙanena, ya ce a bakin jirgi suke feɗe shi su zubar da kayan cikin, a rana kuma ya shanya shi, bai ga hayaƙi ba. Zan dafa kaɗan ranar Juma'a. Alhaji, a wace rumfa kake a kasuwa? Ina so in aiko yaro ya karɓo mini banda.