Tambaya: lambobin GPS na akwatin geocaching sun ƙi tsayawa a gindin Kufena

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɓoye akwati da nemansa. Ina neman taimako kan wani akwatin geocaching (wasan ɓoye akwati a nemo shi da lambobin GPS) da za a ajiye cikin wani kogo a gindin Dutsen Kufena, nan Zariya.

Na'urar GPS ta Garmin eTrex ce, an saita ta kan WGS84 (ma'aunin taswira na duniya), tsarin digiri da mintoci, kamar yadda Geocaching.com ke buƙata. Ba Minna datum (ma'aunin taswira na Najeriya) ba ce, an duba. GPS da GLONASS (takwaran GPS na Rasha) duk a kunne, batura sababbi. A buɗaɗɗen fili kuskurenta bai wuce mita 3 zuwa 4. Amma da an matso jikin dutsen sai lambobin su riƙa yawo har mita 20, wayar hannu kuma ta nuna wani wurin daban. Zatona siginar tauraron ɗan'adam ce ke bugun dutsen ta dawo.

Shin Waypoint Averaging (auna wuri sau da yawa a ɗauki matsakaici) zai gyara wannan, idan an bar tazarar minti 90 tsakanin awo da awo? Ko a auna daga fili, sannan a ƙara nisa da kusurwar kamfas? Matsar da akwatin zai yi wuya, domin kogon ne kaɗai ke kare littafin sa hannu daga ruwan damina, binnewa kuma dokar geocaching ta hana. Ba na son masu nema su yi ta birkita duwatsu inda macizai ke fakewa. Don Allah wanda ya san hanya ya taimaka.