Wai AS na iya komawa AA?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Maƙwabcinmu a da AS ne a gwajin jini na sikila, ya dage da shan sassaƙe, ya sake gwaji, takarda ta fito AA. Har an sa ranarsa da yarinya mai AS. Masu cewa jini ba ya canzawa, sai ku yi mana bayani.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah a sake gwajin a asibitin Komfo Anokye. Ɗaya cikin takardun nan kuskure ce.

Ɗan Aboabo: Anti, da idona na gani fa. Magani ai cikin jini yake shiga.

Malamin Kimiyya: Yana shiga, amma ba a jinin aka rubuta abin ba. Yana cikin DNA, wato kundin gado, na ƙwayoyin ɓargo masu ƙera jini. Kamar kundin malam ne, ba ya barin ɗaki: ana kwafar shafi, kwafin shi ne RNA, sai ribosom, injin haɗa furotin, ya karanta kwafin harafi 3-3, yana jera tubalan da ake kira amino asid har furotin ya haɗu. Saƙo daga DNA yake tafiya zuwa furotin, furotin ba ya komawa ya gyara kundin. A sikila harafi ɗaya tak ya sauya, GAG ya zama GTG, sai amino asid mai suna balin ya zauna maimakon gulutamik asid a gurbi na 6 cikin 146 na sarƙar beta ta himogulobin, furotin na jajayen ƙwayoyin jini. Shi ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Wane sassaƙe zai bi ƙwayoyin halitta ya goge harafin nan?

Baban Yara: To Malam, ɗana SS ne, amma bayan ƙarin jini an ga A a gwajinsa.

Anti Nas: Na aro ne, Baba. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, su ƙare. Ko dashen ɓargo, da yake warkarwa, ba ya sauya abin da mutum zai gadar wa 'ya'yansa.

Ɗan Aboabo: Allah ai mai iko ne.

Baban Yara: Babu shakka. Amma ni na kwana a tsaye yaro na ihu ƙashi na sara. AS da AS, kowane ciki haɗarin SS ɗaya cikin huɗu ne. Kada a yi wa yarinyar nan haka.

Anti Nas: Kuma maƙwabcin ya nemi ilektiroforesis, gwajin da ke tantance nau'in himogulobin, don gwajin sikila na yau da kullum kaɗai ba ya kama nau'in C, ga shi C ya yi yawa a arewacin Gana. Ƙanena, ka kawo shi ranar Litinin, ni zan raka shi.