Muhawara: Shin aikin odita ihu ne bayan hari?

Manajan Ayyuka: Jama'a, ga matsayata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Kuɗin da kamfanoni ke kashewa wajen ɗauko manyan oditoci, wato masu binciken littattafan kuɗi, ba ya gyara musu komai a harkar zuba jari. Odita abin da ya riga ya wuce yake dubawa, jari kuwa na gobe ne. A gina sabuwar masana'anta ko a fasa, wannan hangen shugabanni ne. Kafin odita ya sa hannu, kuɗi sun daɗe da fita. Ihu bayan hari ke nan.

Tsohon Odita: Malam, da wane lissafi shugabannin ke hango goben? Da na bara. Idan rahoto ya ce sashe kaza yana kawo riba mai kauri alhali asara yake yi, can daraktoci za su ƙara tura kuɗi. Mutane suna zaton rahoton bogi na waje kaɗai yake yaudara, alhali 'yan gida yake fara cinyewa. Masana McNichols da Stubben sun bi diddigin wannan a 2008: kamfanonin da aka samu da kumbura alƙaluma sun riƙa zuba jari fiye da ƙima a daidai shekarun da suke kumburawar, da aka daina kuma abin ya lafa.

Manajan Ayyuka: Waɗannan maƙaryata ne, Baba. Ni kamfanin kirki nake nufi.

Ɗalibar Akanta: Yallaɓai, ai na kirkin ma bai tsira ba. Kamfani ne yake da aiki mai kyau a hannu amma babu kuɗi. Ya je banki, ko ya nemi sayar da hannun jari. Mai kuɗi ba ya ganin cikin kamfanin, takarda kawai yake gani. In bai amince da takardar ba, sai ya tsauwala kuɗin ruwa ko ya janye gaba ɗaya, aikin kirki ya mutu a kan tebur. Masana Biddle, Hilary da Verdi sun nuna a 2009 cewa ingancin rahoto yana tafiya da raguwar ɓarnar ta fuska biyu: mai kuɗi jibge ba ya watsa su a ayyukan banza, mai ƙarancin kuɗi kuma ba ya rasa abin yin aikin da ya dace.

Tsohon Odita: Madalla, 'yata. Bari in ƙara da WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka, domin ɓarnarsa ta tsallaka katanga. Kamfanin yana biyan wasu kamfanonin waya kuɗin amfani da layukansu. Wannan kashewa ce ta yau da kullum, dole a cire ta daga ribar shekara. Sai suka riƙa rubuta ta a matsayin kadara, wadda ake zaftarewa kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Riba ta fito fes a takarda. A Yunin 2002 aka bayyana cewa dala biliyan 3.8 aka rubuta ta wannan hanya, daga baya jimlar ta kai kusan biliyan 11. Abokan hamayyarsa fa? Suna ta kallon waɗannan alƙaluma suna tuhumar kansu, suna tsara kashe kuɗinsu don su kamo ribar da babu ita. Binciken Beatty, Liao da Yu na 2013 ya gano haka ma: idan babban kamfani yana ƙarya, takwarorinsa kan ƙara zuba jari a wannan lokacin.

Mai Hannun Jari: Baba, da girmanka, amma wa ya duba littattafan WorldCom? Arthur Andersen, ɗaya daga manyan kamfanonin odita biyar na duniya a lokacin, kuma shi ne na Enron, kamfanin makamashin Amurka da ya durƙushe saboda maguɗin lissafi. Wadda ta tona asirin Cynthia Cooper ce, mai binciken cikin gida. Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, kuma babban kamfanin odita EY ne ya yi fiye da shekara goma yana sa masa hannu. A 2018 Wirecard ya shiga sahun DAX, jerin manyan kamfanonin kasuwar hannun jarin Jamus, a 2019 masu zuba jari suka ba shi ƙarin bashi, a Yunin 2020 aka wayi gari yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankunan Filifin babu su. Ina ƙwarewar ta tafi? Wanda ake bincika shi ke biyan mai binciken, kuma in baki ya ci ido kan ji kunya.

Tsohon Odita: Hajiya, wannan zargi ne mai nauyi kuma ba zan kare su ba. Tabbatar da kuɗin banki aikin ɗan koyo ne: ka rubuta wa bankin da kanka, amsa ta zo hannunka kai tsaye, ba ta hannun wanda kake bincika ba. Amma girman suna daban, sanin sana'ar daban. Dubi Carillion, kamfanin gine-gine na Birtaniya. Kamfanin gine-gine yana rubuta riba ne bisa ƙiyasi: kashi nawa na kwangila aka gama, nawa ya rage a kashe, nawa mai aiki zai yarda ya biya na ƙari. Oditan da bai san gini ba zai karɓi ƙiyasin manaja ya wuce. Wanda ya sani zai je wurin aikin, ya ga bene biyu a inda takarda ta ce huɗu, ya nemi wasiƙar da mai aiki ya amince da ƙarin. A Yulin 2017 Carillion ya zaftare fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinsa, ya durƙushe a Janairun 2018, bayan ya yi shekaru yana raba riba yana karɓar sababbin ayyuka. A 2023 hukumar sa ido ta ci tarar KPMG, oditan Carillion, kusan fam miliyan 21.

Manajan Ayyuka: To ga wadda odita ba zai taɓa kamawa ba. A binciken Graham, Harvey da Rajgopal na 2005, fiye da rabin jami'an kuɗin da aka tambaya sun ce za su jinkirta sabon aiki don ribar zango ta cika. Babu ƙarya a littafi, komai daidai, amma jari ya cutu. Kuma binciken ba kyauta ba ne: sashe na 404 na dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wanda ya wajabta tantance tsarin kula da lissafin kamfani, ya yi wa ƙananan kamfanonin Amurka nauyi har sai da aka sauke musu wani ɓangarensa a 2010.

Ɗalibar Akanta: Gaskiya ne, sai dai wannan aikin daraktoci ne. In rahoto ya fayyace kuɗin binciken ƙirƙiro sababbin kaya da na gyaran injuna shekara bayan shekara, su ne za su ga inda aka yanke su tambayi dalili. Shi ya sa dokar ta 2002 ta wajabta wa kamfani ya bayyana ko akwai masanin kuɗi a kwamitin bincikensa.

Mai Hannun Jari: Bayyanawa kawai, ƙanwata, ba tilasta naɗawa ba. Tarayyar Turai ta kafa dokar sauya odita bayan shekara goma, tare da damar tsawaitawa, amma har yau kamfanin ne ke biya. Baba, a zamanin aikinka, da ka ƙi sa hannu, wa zai tsaya maka in an karɓe kwangilar?