Neman kalma: "draft" a ƙwallon Ostiraliya, kafin gobe da hantsi

Mai shirin wasanni: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Gobe da hantsi zan shiga ɗaukar shiri, an ba ni minti biyar kan ƙwallon Ostiraliya, wadda ake yi mutum 18 kowane gefe a fili mai siffar ƙwai. Kalmar draft ta tsaya mini a wuya. Na tambayi na'ura, wai "daftari". Ga abin da ake nufi: duk watan Nuwamba ƙungiyoyi 18 na AFL, babbar gasar ƙasar, kan zauna su ɗauki sababbin yara bi da bi, wadda ta zo ta kashin baya a gasar ita ke farawa. Gardamar da suke yi ita ce ko shekara 18 ta isa, ko a kai ta 19. Kalma biyu nake nema: ta zaman ɗaukar, da ta yaron da ya isa a ɗauka.

Malamar nahawu: Wa alaikumus salam. Daftari na takarda ne, bar shi. "Zaɓen sababbin 'yan wasa" bai wadatar ba?

Ɗan Damagaram: Hajiya, kina cewa zaɓe mai sauraro zai hango akwati da ƙuri'a. Ni "rabo" nake gani.

Tsohon edita: Yara, kalmar tana gabanku kuna tsallake ta. Watanda. An kayar da sa, an yi kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa, ba mai kuɗin da ya kwashe tsoka ya bar wa talaka ƙashi. Ai manufar tsarin ke nan. Rubuta "watandar 'yan wasa" ka je ka kwanta.

Mazaunin Melbourne: Baba, manufar kam ka cafko ta. Tun 1986 suke wannan tsari don kada masu ƙarfi su handame yara. Sai dai a watanda kashi ɗaya yake da ɗan'uwansa, a nan kuwa da gangan ake fifita mai rauni. Kuma layin ma haja ne, ƙungiya kan ba da nata layin a musanya mata da ɗan wasa. Ga kuma ƙa'idar ɗa da uba: in mahaifinka ya buga wa ƙungiya wasa 100, tana da damar riƙe ka.

Malamar nahawu: Ni abin da ya dame ni, 'ya'yan mutane ne za mu mayar nama a gidan rediyo?

Tsohon edita: Hajiya, kamance ne. Da muke cewa an yi gwanjon ɗan wasa, wa ya taɓa kai ƙara?

Ɗan Damagaram: To a bar shi "diraf" mana, a yi bayani sau ɗaya. Fenariti da kwana duk haka suka shigo.

Tsohon edita: Ga irinta nan. Lalaci ke nan, ɗana. Harshen da ya haifi "bugun daga kai sai mai tsaron gida" shi za a ce ya gaza? Ku can Faransanci ya cinye ku, mu nan Ingilishi, kowa na tallar bakin wani.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, ka ce "edita", ka ce "rediyo". Kuma wannan bugun naka, kafin mai sharhi ya gama faɗarsa an ci an dawo tsakiya. Maganar cinyewa kuwa, zo kasuwar Damagaram ka ji Hausar da Kano ta manta.

Malamar nahawu: Kun fara ko? Yaron nan gobe zai yi shiri.

Mazaunin Melbourne: Bari in taimaka da kalma ta biyu, don a nan gardamar take. Ƙa'ida ita ce yaro ya cika 18 zuwa 31 ga Disamba na shekarar da za a ɗauke shi, wato yawanci yana ajiye alƙalamin jarrabawar sakandare ke nan. Ba shi ke zaɓar gari ba. Harley Reid, wanda aka fara ɗauka a 2023, daga wani ƙaramin gari a jihar Victoria aka kai shi Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Jason Horne-Francis, na farko a 2021, kaka ɗaya ya yi a North Melbourne ya nemi komawa gida, ya koma ƙungiyar Port Adelaide ta garinsu. Kafin su akwai Jack Watts, wanda ƙungiyar Melbourne ta jefa cikin wasanta da Collingwood a 2009 yana ɗan makaranta. Masu son 19 irin waɗannan suke nunawa. Masu son 18 kuma su ce wanda ya isa me zai zauna jira, ga shi ƙofa ba ta rufe ga wanda ya makara: James Podsiadly yana da 28 Geelong ta ɗauke shi, ya ci kofi da ita a 2011. Ka ga ba ƙarfin jiki kaɗai ake nufi ba, har da iya zaman nesa da gida.

Ɗan Damagaram: "Ƙosawa" ke nan. Yaro ya ƙosa.

Malamar nahawu: Da baki za a faɗa, kuma "ya ƙosa" na iya zama ya gaji da jira. "Balaga" kuma za ta kai mu wani fagen. Ni "ya isa yaye" ta fi kwanta mini, tunda raba shi da gida ake yi. Ga babbar kalmar kuma: ɗiba. Kamar a adashi, kowa da ranar ɗibarsa, bi da bi. Ɗibar sababbin 'yan wasa, shekarun ɗiba, ɗibar fari.

Ɗan Damagaram: Ɗibar ko ɗiban?

Malamar nahawu: Duka ana ji. Kada ka buɗe mana wannan ƙofar da daren nan.

Tsohon edita: Ɗiba ta ruwa ce da hatsi. Kun ƙi nama kun koma tsaba.

Mai shirin wasanni: Na gode ƙwarai. Zan tafi da "ɗibar sababbin 'yan wasa" da "shekarun ɗiba". Yaye zan sa shi cikin bayani kawai, don ina tsoron a ɗauka bikin kammala makaranta ne. Baba, zan ce "wani abu mai kama da watanda" sau ɗaya a farkon shiri.

Tsohon edita: Sau ɗaya. To, Allah ya ba da sa'a. Amma ka faɗe ta a hankali yadda za a ji, kada ka haɗiye ta.