Gidan bakin tabkin Como: ya aka yi magada ba su raba shi ba?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke wanke-wanke a wani otel a Italiya ya turo mini hoton wani tsohon gida a bakin tabkin Como, wai shi Villa del Balbianello. Ya ce kuɗi ake biya a shiga. Ni abin da ya tsaya mini a rai, gidan kakanmu nan Birni, shekara 8 da rasuwarsa an tsaga shi biyar, zauren da yake karatu ya koma shagon cajin waya. Su ya suka yi nasu ya tsira?

Mushe na Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shi ma ya sha hannu. Wani babban limamin Katolika, Angelo Maria Durini, ya gina shi a 1787, a inda dā masu zaman zuhudu suke. Da ya mutu a 1796 ɗan ɗan'uwansa ya gada, daga baya ya fita daga dangin, har aka yi shekaru an bar shi ya lalace. A 1919 wani Ba'amurke, Butler Ames, ya saya ya gyara. Na ƙarshe shi ne Guido Monzino, attajirin Milan, ya saye shi a 1974. Mutum ne mai yawon tsiya: ya kai ƙurewar arewacin duniya a 1971 da keken da karnuka ke ja, ya kuma jagoranci Italiyawa zuwa dutsen Everest a 1973. Ya mutu a 1988 bai bar ɗa ba, sai ya bar gidan ga FAI, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

Hajiyar Mirriya:
To Mushe, ashe rashin magada ne ya cece shi! Mu nan wasiyya ba ta wuce sulusi, wa zai yarda? Garkar babanmu a Gidimuni, bakin tabki, dabino ɗaiɗai aka ƙirga aka raba. Da ya yi waƙafinta tun yana raye da ba haka ba.

Ɗan Birni:
Hajiya, kin taɓo inda ke mini ciwo. Ƙofar zauren, ta itace mai ƙusoshin ƙarfe, tana nan jingine bayan turken awaki. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauke ta kafin damina.